Tsohon Layi Na Uku

Tun da sassafe ranar Asabar Solenn Kervella take gugar farin mayafin tebur, wanda rabon da a fito da shi daga akwati tun rasuwar mahaifiyarta. Ta goge, ta ɗaga shi sama, ta hango wata 'yar lanƙwasa da babu mai ganinta sai ita, ta sake shimfiɗawa. Ita da kowa a garin Douarnenez ya san ba ta iya waƙa ba, yau har da 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa.

Ai dole ta yi murna. Wata da watanni Baba yana kan bakansa cewa ba zai ga saurayinta Bastien Aubry ba.

"Ɗan jarida?" haka yake cewa. "Mutumin da sana'arsa ya zauna cikin duhu ya kalli fim, ya fito ya ce wannan ya yi, wancan bai yi ba? Baƙo kuma daga Lyon, wanda ko igiyar jirgi bai iya ɗaurewa ba? Ga Gildas nan da na san ubansa da kakansa."

Ko ƙofar gidan bai yarda Bastien ya tako ba. In ya rako ta, a gindin tudun da gidan yake kai yake tsayawa, ta hau ita kaɗai. Shi kuwa Baba tun da ya daina fita teku ba ya cika saukowa cikin gari, don haka har yau su biyun ba su taɓa haɗa ido ba.

Sai ga shi ranar Alhamis ya dawo daga sinima da yamma fuskarsa a sake. Ya rataye hularsa, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Ki ce wa yaron nan naki ya zo cin abinci ranar Lahadi in an taso daga coci. In ga yadda yake riƙe cokali."

Abin da ya rage tsakaninta da auren Bastien ke nan, wannan zama guda ɗaya. Ta san halin Baba sarai. In ya ci abinci da mutum a tebur ɗaya, to ya karɓe shi.

Tana cikin ninke mayafin aka banko ƙofa. Gwaggo Annaig ce, yayar Baba, tana haki saboda hawan tudu, ga jarida a naɗe a hannunta kamar za ta doki kare.

"Ajiye dutsen gugar nan, 'yar nan, kada ki ƙone. Zauna ki ji abin da angon naki ya rubuta."

"Gwaggo, ai kowace Asabar yana rubutu."

"Na ce ki zauna."

Ta maƙala tabarau, ta gyara murya, ta shiga karatu da ƙarfi yadda take yi a coci.

"A makon nan sinimar garinmu ta dawo mana da Mai Wankin Bakin Kogi, fim ɗin waƙa da rawa da iyayenmu suka sha kuka a kansa shekaru talatin baya. Na je na kalle shi har sau uku don kada in zalunce shi. Labarin bai fi cikin cokali ba: 'yar wanki ta ƙyalla ido ta ga matuƙin jirgin dakon gawayi, ya wuce, ta zauna jira. Mata suna wanki suna rawa cikin fararen riguna da ko ɗigon ruwa bai taɓa ba, kogin kuwa fenti ne a jikin bango. Abu ɗaya ne mai rai a cikinsa, muryar Lucienne Darcel. Duk wanda ya ji ta ya san Allah ya halicci muryar nan da fuskar nan rana ɗaya, don juna. Amma murya kaɗai ba ta riƙe mai kallo. Ku tambayi tsohon nan na layi na uku, mai baƙar hular masunta da jan gyale, wanda nake tararwa duk zuwan da na yi. Da an fara waƙa sai ya jingina kai ya rufe ido, ba ya farkawa sai an gama. Ban taɓa ganin sharhin da ya fi nasa gaskiya ba, don haka na ajiye alƙalamina na bar masa."

Solenn ba ta san lokacin da ta zauna ba. Baƙar hula kam kowane tsoho a garin yana da ita. Amma mai jan gyale mutum ɗaya ne a Douarnenez, kuma Mama ce ta saƙa masa shi da hannunta.

"To kin ji," in ji Gwaggo tana cire tabarau. "Tun daga gidan burodi har kasuwar kifi ba a zancen kowa sai na ubanki. Shi ma Erwan ɗin da nasa laifin. In barci yake ji, ba shi da gado ne? Kullum ya ɗauki ƙafa ya je ya yi gyangyaɗi a gaban jama'a, da girmansa."

Allah sarki, ko Gwaggo ba ta sani ba. Duk duniya mutum biyu ne suka rage da suka san abin da ke sa Erwan Kervella rufe ido in an fara waƙa a fim ɗin nan.

Lucienne Darcel, kyakkyawar nan da samarin wancan zamani suka haukace a kanta, ba ta iya waƙa ba, ko ta rarrashin jariri. A lokacin haka ake yi. A samo yarinya mai murya, a shigar da ita ɗaki ta rera, a ɗora a bakin tauraruwa, a ɓoye sunanta. Yarinyar da aka samo ita ce Rozenn, mahaifiyar Solenn, tun tana budurwa a Paris, nan gida ana zaton ɗinki kawai take koyo. An sa ta yi alkawarin ba za ta taɓa faɗa ba, ita kuwa mace ce da ba ta ɗauki alkawari abin wasa ba. Mijinta kaɗai ta gaya wa, sai 'yarta ranar da ciwo ya ci ƙarfinta, kuma ta ɗaure su da irin alkawarin da aka ɗaure ta da shi.

Faifan waƙoƙin da suke da shi Baba ya saurara har ya karce, allura ta daina bin sa, ba a kuma sake buga wani ba. Shekaru ya yi bai ji muryar matarsa ba, sai a makon nan da aka kawo fim ɗin. Yakan je ya zauna can gaba inda sauti ya fi fitowa, in an fara waƙa ya rufe ido don kada ya ga fuskar waccan matar, ya zauna da Rozenn ɗinsa har a gama.

Abin da Bastien ya gani ya kira barci ke nan.

Wajen tsakar rana Baba ya shigo, Gildas Le Bihan yana biye da shi. Gildas dogo ne mai faɗin kafaɗa, mai jiragen kamun kifi na kansa. Ya daɗe yana son Solenn, amma in ya zo gabanta zancensa ba ya wuce na iska da na kifin sadin. Yau leɓensa a fashe yake.

"Kai kuma me ya same ka?" in ji Gwaggo.

"Ƙofa ce ta buge ni."

"Ƙofa mai suna wa?"

Ya sunkuyar da kai. Baba ne ya amsa, yana kwance gyalensa a hankali.

"Na shiga shan kofi a bakin tashar jiragen ruwa, yaran can suka fara munshari. Ɗaya ya kawo mini matashin kujera. Gildas bai ji daɗin wasan ba."

Ya faɗe shi kamar labarin wani yake bayarwa, kuma wannan ne ya fi tsorata Solenn. Da faɗa ya yi, da ta ji sauƙi.

Ya dubi tebur, inda ta riga ta jera faranti huɗu don ta ga yadda za su yi kyau gobe.

"Ɗauke guda ɗaya."

"Baba..."

"Ko ki bar shi. Gildas, gobe kana da inda za ka ci abinci?"

"Baba, don Allah ka saurare ni." Ta kama hannun rigarsa, hawaye na bin kuncinta. "Bai san kai ba ne. Na rantse bai sani ba. Bai san fuskarka ba, kai ne ka hana."

"Na sani."

"To ka gani."

"Da wani tsohon ne, uban wata, ya halatta ke nan?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Tunda ya gan ni haka, to kusa da ni ya zauna, Solenn, ba sau ɗaya ba. Hannu kawai zai miƙa ya taɓa kafaɗata ya ce, tsoho lafiya dai? Bai yi ba. Ya ga abin da zai ba mutane dariya, ya ɗauka ya kai kasuwa. Shi zan ba 'yar Rozenn?"

"Yau ka yi magana," in ji Gwaggo. "Tun farko na ce idon yaron nan ya cika buɗewa."

"Ina son sa, Baba," in ji Solenn. "Ban taɓa son kowa haka ba."

"Na san kina son sa." Ya cire hannunta daga rigarsa, ba da ƙarfi ba. "Kin girma, doka ba ta neman yardata. Ki aure shi in kin ga dama, magajin gari zai ɗaura muku. Amma ni ba zan riƙe hannunki in shiga coci da ke ba, kuma ba zai zauna a teburin nan ba."

Ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Gildas ya yi ta juya hularsa a hannu, kamar mai neman inda aka ɓoye magana a cikinta. Can ya ce, "Solenn, ni ban zo don in ci ribar wannan abu ba."

"Na sani, Gildas."

"Amma ina nan inda kika san ni."

"Kin ji namiji," in ji Gwaggo. Solenn ta kifa kai a kan farin mayafin ta fashe da kuka, gugar safiya duk ta tashi a banza.

Da yamma ta sauka bakin tashar jirage, bayan rumfar masu gyaran raga, inda suka saba haɗuwa. Bastien bai daɗe da saukowa daga motar Quimper ba, can ofishin jaridarsu yake, bai san wainar da ake toyawa a gari ba. Yana hango ta ya taso da fara'a, da wani ɗan kwali a hannu.

"Dubi tabar tukunya da na samo wa Baba. Ko na yi shisshigi? Kin karanta na yau kuwa? Edita ya ce bai taɓa ganin sharhin fim da aka yi ta bugo waya a kansa haka ba."

Sai a lokacin ya lura da idanunta.

"Solenn, wa ya mutu?"

"Jan gyalen nan," in ji ta, "mamata ce ta saƙa shi."

Ya tsaya yana kallonta. Ta ga lokacin da maganar ta isa, don fuskarsa ta koma fari fat, kwalin ya kusa suɓuce masa.

"A'a. A'a, Solenn. Ba dai shi ba."

"Shi ne."

"Amma ban ambaci suna ba."

"A garin nan sai ka ambaci suna? Yau har matashi aka miƙa masa a gidan kofi. Mutumin da ya yi shekara arba'in a teku ba wanda ya taɓa yi masa kallon banza."

"Zan je in same shi yanzu. Zan ce masa wasa ne, kowa yana iya yin barci a sinima, ni kaina..."

"Ba barci yake ba, Bastien."

Ta zauna a kan tulin igiya. Alkawarin da ta riƙe tun tana ƙarama, wanda ko Gwaggo ba ta ji ba, yau ta kwance shi a bakin tasha cikin ƙarnin kifi. Ta gaya masa komai, tana yi kuka na sarƙe ta, ta tsaya, ta ci gaba.

Da ta gama Bastien ya zauna a ƙasa daɓas, da sabon wandonsa.

"Muryar mahaifiyarki ce," in ji shi a hankali.

"Ka ce Allah ya halicce ta rana ɗaya da fuskar Lucienne Darcel. Wannan ma Baba ya karanta."

Ya dafe kai da hannu biyu. Da ya ɗago idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kin san abin da ya kai ni har sau uku? Ba adalci ba ne, ƙarya na rubuta. Muryar ce. Tun ina yaro uwata ta kai ni na ji ta, ban taɓa mantawa ba. Amma a cikin abokan aikina wanda ya ce yana son irin fim ɗin nan dariya za a yi masa, a ce ya zama tsohuwa. Sai na nemi abin da zan yi ba'a da shi don in nuna ni ma na waye. Na duba na ga tsoho."

"Ka ga babana."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Don ban yi zaton sai an gaya maka dalili kafin ka ji tausayin tsoho ba."

Maganar ta soke shi, ita ma ta ji zafin fitarta. Ya matso ya kama hannunta.

"Zan gyara. Asabar mai zuwa zan rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, Rozenn Kervella. Duk ƙasar nan sai ta san wadda ta yi waƙoƙin nan. Jaridun Paris za su ɗauka. Hakkinta ne, Solenn, an danne mata shi."

Ta fizge hannunta.

"Har yanzu labari kake gani. Ta mutu da alkawarinta a baki, Baba ya riƙe mata shi shekara da shekaru, ni na karya nawa yau saboda kai. In ka rubuta harafi ɗaya, ba za ka sake ganina ba."

"To in rubuta ban haƙuri."

"Ka sake sa shi a jarida? Su sake karantawa a gidan kofi suna dariya?"

"To me zan yi? Gaya mini." Hawaye suka zubo masa, bai ma share ba. "Ki biyo ni Lyon. Mu yi aurenmu can, in ya huce mu dawo."

"In bar shi shi kaɗai a saman tudu? Ni kaɗai na rage masa da zai iya kiran sunan Mama a gabana ba tare da ya yi ƙarya ba."

"Gildas ɗin za ki aura ke nan."

"Kada ka sako Gildas. Shi leɓensa aka fasa yau saboda abin da ka rubuta."

Tsuntsayen teku suna ta kuka a kan jiragen da suka dawo. Solenn ta share fuska da gefen rigarta, ta yi dogon numfashi.

"Abu ɗaya ya rage. Gobe da rana ne nuni na ƙarshe, jibi za a mayar da fim ɗin Paris. Duk ranar da Baba ya ji muryar Mama yakan dawo da zuciya mai laushi. Ranar Alhamis ma daga can ya dawo ya ce ka zo. In ya je gobe, in ya ji ta, ka tsaya a bakin ƙofa in an fito. Kada ka kawo taba, kada ka kawo dogon bayani. Ka cire hula ka ce ka yi kuskure."

"In bai je ba fa?"

"Zai je," in ji ta. "Bai taɓa barin ta tana jira ba."

Ranar Lahadi aka ci abinci kamar a gidan makoki. Gildas ne a kan faranti na huɗu, yana taunar naman rago a hankali saboda leɓensa, Gwaggo kaɗai ke zuba. Ana gamawa Baba ya miƙe ya ɗauki hula, ya naɗa jan gyalensa.

"Ina kuma za ka?" in ji Gwaggo. "Kai ba ka ji ba? Garin nan kaf sun sayi tikiti, ba don fim ba, don su kalle ka."

"To kada su yi zuwan banza."

"Zan bi ka, Baba," in ji Solenn.

Ya dube ta. Ba ta taɓa yarda ta kalli fim ɗin ba, tana tsoron abin da muryar za ta yi mata. Ya miƙa mata hannu. Gildas ya kai su a motarsa, ya ce zai jira a waje.

Gaskiyar Gwaggo ce. Sinimar da duk mako ba ta rabin cika yau babu masaka tsinke, har da masu tsayuwa a jikin bango. Suna shiga surutu ya ɗauke. An bar kujerarsa ta layi na uku babu kowa, kai ka ce girmamawa ce, alhali so ake a ji daɗin hango shi. Baba ya bi ta tsakiyarsu kansa a sama ya zauna, Solenn ta zauna a gefensa. Can baya ta hango Bastien a tsaye kusa da ƙofa.

Aka kashe fitilu.

Ga kogin fenti, ga mata da fararen riguna suna juya zannuwa suna rawa. Ga Lucienne Darcel ta ajiye kwandon wanki, ta ɗaga kai, fuskarta ta cika bango. Goge ya fara a hankali. Solenn ta ji kujeru suna ƙara ta ko'ina, mutane suna miƙa wuya. Wani ɗan iska a baya ya ja munshari ƙasa-ƙasa, aka yi 'yar dariya, wata ta ce a yi shiru.

Sai muryar ta fito.

Wayyo Allah. Solenn ba ta san ta rufe ido ba. Mama ce, ita ce dai, da 'yar dusashewar nan tata in ta ja numfashi, yadda take yi in tana tsefe mata kai a bakin taga. Ta ji ƙamshin sabulunta, ta ji ɗumin cinyarta. Hawaye suka ɓalle mata, amma na daɗi ne, ta ce a ranta yanzu zuciyar Baba za ta yi laushi, yanzu komai zai gyaru. Ta lalubo hannunsa, ta buɗe ido ta dube shi.

Idon Baba a buɗe yake tar.

Ya miƙe zaune, bayansa bai taɓa kujera ba, ya kafe fuskar Lucienne Darcel da ido, ko ƙiftawa ba ya son yi. Hasken fim yana wasa a fuskarsa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Baba," ta raɗa masa, "rufe idonka. Kada ka kula su."

"Kalli gabanki."

"Don Allah, Baba. Yau ce ta ƙarshe."

"Na ce kalli gabanki."

Haka ya yi a waƙa ta biyu, haka a ta uku, haka har waƙar rabuwa, wadda Solenn ta san ita ya fi so. Yana kallon jan bakin wata mace yana buɗewa yana rufewa a kan muryar matarsa. Masu leƙe suka gaji suka koma kallon fim, wasu har da share hawaye. Shi kuwa hannunsa a cikin nata ya yi sanyi, bai motsa ba har aka kunna fitilu.

A bakin ƙofa Bastien ya tare su, hula a hannu. Mutane suka rage tafiya don su ji.

"Ranka ya daɗe, ni ne Bastien Aubry. Na yi kuskure. Ku yafe mini."

Baba ya dube shi tun daga sama har ƙasa, karo na farko. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Kai ne ashe. Ka ga yau ban yi barci ba."

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Ka iya aikinka, yaro. Muryar da fuskar sun dace da juna. Ban taɓa lura ba sai yau."

Ya wuce. Solenn ta bi shi da sauri ta riƙe shi, don ta ga ƙafarsa tana neman harɗewa a kan matakala. Sai da suka yi nisa da kunnen mutane ya tsaya, ya jingina da bango, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Na neme ta, Solenn. Tun daga waƙar farko nake nemanta. Ban same ta ba. Waccan matar ce take waƙa."

"Baba..."

"Ko yanzu da nake tuna waƙar, fuskar waccan nake gani."

Nan ne muryarsa ta karye. Tsohon da bai yi kuka a gaban kowa ba ranar da aka binne matarsa, yau ya juya fuska ga bangon sinima kafaɗunsa suna girgiza.

Solenn ta tsaya riƙe da shi har ya natsu. Ta kai shi motar Gildas, ta zaunar da shi, ta gyara masa gyale. Sannan ta juyo. Bastien yana nan inda suka bar shi, hular tana hannunsa, yana kallonta da ɗan sauran fata a ido.

Ta sa hannu a wuyanta ta ciro siririn zaren da take ɓoyewa a cikin riga. Zoben azurfar da ya ba ta ne a jiki, wanda ta ce ba za ta sa a yatsa ba sai ranar da Baba ya yarda. Ta taka ta isa gabansa.

"Solenn, ki ba ni lokaci. Zai huce."

"Zai huce," in ji ta, hawaye na zuba ba ta ko share su. "Ba fushi yake da kai ba, Bastien. Da fushi ne da na jira ka ko shekara nawa ne. Ina son ka, Allah ya sani. Amma duk ranar da na kawo ka teburinmu, abin da zai tuna ke nan."

Ta saka zoben a cikin hular da ke hannunsa, ta juya.

Gildas ya buɗe mata ƙofa. Ta shiga baya kusa da Baba, mota ta kama hanyar tudu. Ba ta waiga ba, don ta san in ta waiga za ta sauka.

Sun kusa rabin tudu ta dubi Baba. Ya jingina kai da kujera, sai yanzu ya rufe idonsa, babu abin da ake ji sai ƙarar inji.